Yatsan Goggo Kulsum

Sartse ne fa, jama'a. Ɗan sartsen itace da bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsan Goggo Kulsum na dama, wata Talata da hantsi, a tsakar gidan ƙanenta Alhaji Yusufa mai albasa, a Unguwar Hausawa ta New Bell. Da a ranar an sami wanda ya ɗauko allura ya ce, "Kawo in gani," da babu labarin da za a ba ku.

Turmin gidan da taɓaryarsa sun fi shekara goma a jingine bayan ɗakin girki, tun da aka kafa injin niƙa a bakin layi. Laimar Duwala ta shiga jikinsu, taɓaryar ta tsattsage ta yi gashi-gashi. Mahdi ne ya jawo su. Shi ne ɗan Alhaji na fari, yana jami'a, yana rubuta babban littafin nan na gama karatu da suke kira mémoire. Wai a kan waƙoƙin daka na matan Hausawa zai rubuta, ya nuna wa malamansa yadda talaka ke kokawa da mai dukiya a cikin waƙa. Wata rana ya ji Goggo tana ɗan rera abinta tana wankin kayan gidan, ya tsaya cak kamar wanda ya tsinci zinariya a kwata.

"Goggo, ashe ina ta yawo har unguwar Bepanda ina neman tsofaffi, ga ki a gida! Gobe za ki yi mini a turmi."

"Wane turmi kuma, ɗan nan? In waƙa kake so, zauna in yi maka da baki."

"Non, non, Goggo. Sai da ƙarar taɓarya. Malamina ya ce waƙar aiki ba ta rabuwa da aikinta."

Ta ji daɗi, kada in ɓoye muku. Shekararta bakwai a gidan nan tun rasuwar mijinta, a ɗan ɗakin da ke jikin ɗakin girki, babu wanda ya taɓa tambayarta abin da ta sani, sai dai inda ta ajiye abu. Ta wanke turmi, ta zuba gero. Mahdi ya kafa wayarsa a kan kujera, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ta ɗaga taɓarya.

Turmi ya ci, ni ban ci ba,
Rariya ta sha, ni ban sha ba.
Wanda na goya ya hau bene,
Ya leƙo ya ce, wace ce wannan?
Ruwan sama nasa a kan kwano,
Ruwan kwata nawa a kan tabarma.

A kan "bene" ne sartsen ya shige ta. Ta ce "wash," za ta saki taɓarya, Mahdi ya zaro ido yana juya hannu a iska, wai ta ci gaba, waya na ɗauka. Ta ci gaba. Da ta gama ta tsotsi yatsan, ta duba, ba ta ga komai ba sai ɗan baƙin ɗigo can ciki. Idonta ya yi rauni, allura ba ta zaruwa gare ta balle ta ciro sartse. Ta miƙa wa Mahdi hannun.

"Duba mini nan, kamar wani abu ya shiga."

Ya riga ya toshe kunnuwansa da igiyar waya yana saurare, yana murmushi. "Magnifique," ya ce, ya haye sama.

Washegari ya sauko da littafi da alƙalami, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita tana gyaran kifi. Yatsan yana ɗan zogi, tana ɗage shi sama tana aiki da sauran huɗun.

"Goggo, kin san abin da kika rera jiya kuwa? Bari in fassara miki. Turmi shi ne masu dukiya, su ke haɗiye gumin talaka. Wanda aka goya ya hau bene, wannan su ne sarakai da attajiran dā, can ƙasar Hausa, waɗanda suka hau gadon bayan talakawa suka yi sama. Wannan waƙa ta fi shekara ɗari. A wajen kakarki kika ji ta, ko?"

Goggo ta ajiye wuƙa ta dube shi.

"Wace ƙasar Hausa? Ni nan New Bell aka binne cibiyata, iyakata Yassa, nan bayan gari, shi ma gaisuwar mutuwa ta kai ni. Waƙar nan ni na yi ta. Bara na yi ta, da ruwa ya shiga ɗakina."

"A'a, Goggo, kin dai ji ta tun kina yarinya kin manta. Irin waɗannan waƙoƙi ba su da mai su, na jama'a ne."

"To wanda na goya fa? Ubanka na goya. Uwarmu ta rasu yana shan nono, ni na goya shi har ya yi wayo. Ga benen nan, ɗaga kai ka gani."

Mahdi bai ɗaga kai ba. Ya yi 'yar dariya, ya buga alƙalami a haƙori.

"C'est une image, Goggo. Misali ne. Ke kina rerawa, mu muke gano abin da ke ciki. Aikinmu ke nan."

Ya rubuta abin da ya zo da shi a ransa, ya tashi. In da kura na maganin zawo, ai da ta yi wa kanta.

Kwana uku yatsan ya kumbura ya yi sulɓi, yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa ta kansa. Ta je ta sami Hajiya Nuriyya, matar Alhaji, a falo, ƙafa a kan matashi, tela ya baje mata yadudduka tana zaɓen ankon da za a saka ranar soutenance, wato ranar da Mahdi zai tsaya gaban malamai ya kare littafinsa.

"Hajiya, yatsan nan ya hana ni sakat."

Hajiya ta leƙo daga nesa, ba ta taɓa ba.

"Karkare ne. Wa bai yi karkare ba? Huda lemun tsami ki zura shi ciki, kwana biyu ya fashe. Yauwa, Goggo, tun da kin zo, furar nan da kika daka wa Mahdi, Alhaji ya sha ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro. Ya ce a daina kai gero inji."

"Da wannan hannun?"

"Ai motsa shi ne maganinsa. In kin bar shi sai jini ya kwanta."

Ka ji likita. Daga ranar daka ya zama na kullum. Abin da aka fara don waya ya koma don ciki. Goggo ta huda lemun tsami ta zura yatsan, ta ɗaure da tsumma, tana riƙe taɓarya da yatsu huɗu, duk saukar taɓarya sai ta ji ta har cikin haƙoranta.

Ranar Juma'a ta tsaya a gindin matakala tun da sassafe, don ta san in Alhaji ya fita kasuwar Sandaga sai magariba. Ya sauko cikin farar shadda, waya a kunne, yana faɗa da direban motar albasa da ta maƙale a hanyar Marwa. Ta jira har ya kashe.

"Alhaji, ina kwana."

"Yaya, an tashi lafiya? Me ya faru kuma?"

Wannan "kuma" ɗin ta ji shi, ta haɗiye. Ta kwance tsumman. Ya dubi yatsan, ya kau da kai da sauri.

"Subhanallahi. Kin nuna wa Hajiya?"

"Ta ce lemun tsami."

"To ai ta san abin da take faɗa. Yaya, mutanen asibitin nan ba su san komai ba sai wuƙa. Ki je da ƙurji su ce a yanke. Bari motar nan ta iso, albasa na ruɓewa a hanya, kaina ya yi zafi. In Allah Ya kai mu Litinin, da kaina zan kai ki."

Litinin ta zo, mota ta iso, sai aka shiga sauke kaya. Wata Litinin ta zo, aka ce abokin cinikinsa ya yi rasuwa. Ba fa mugun mutum ba ne a bakin mutanen unguwa. Duk azumi buhun shinkafa yake sauke wa masallaci, a kira sunansa a lasifika. Yatsan yayarsa ne dai ba a kiran sunan kowa a kansa.

Ana cikin haka damina ta buɗe baki. Wanda ya zauna New Bell ya san abin da ake nufi. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, kwatar bayan gida ta cika ta tumbatsa, ta biyo ta ƙarƙashin ƙofar Goggo, baƙi ƙirin, da ledoji da abin da ba a faɗa. Mutanen sama suna jin ruwa a kan kwano suna gyara bargo. Ita kuwa da gari ya waye tana tsugune da kwano tana kwalfewa, hannun da ciwon a cikin ruwan har wuyan hannu, don hannu ɗaya ba ya ɗaga katifa. Da rana jikinta ya ɗau zafi. Kumburin ya bar yatsa ya hau tafin hannu. Tuwo ya gagare ta ci da dama, cin hagu kuwa kunya take ji, sai ta shige ɗaki ta ci a ɓoye kamar mai satar abinci.

Da ruwa ya tsagaita Mahdi ya sauko da waya.

"Goggo, akwai matsala. A ɗaukar farkon nan ƙarar baburan haya na bensikin ta shiga, a ta biyun kuma ruwa a kan kwano. Encore une fois, sau ɗaya tak."

"Mahdi, dubi hannuna."

Ya duba, ya yamutsa fuska, don yaron ba dutse ba ne.

"Kai, Goggo, wannan ya kamata a gani. Zan yi wa Baba magana. Amma gobe zan kai wa malamina, in ban kai ba zai cire ni daga layi sai baɗi. Minti biyar kawai."

Ta tashi. Me ya sa ta tashi? Don tun yana zanin goyo ba ta iya ce masa a'a ba, kuma wanda yake ci a gidan wani, a'a tana yi masa nauyi a baki. Ta ɗaga taɓarya. Muryarta ta karye a kan "wanda na goya," hawaye ya zubo ya shiga geron, ta kai ƙarshe da ƙyar.

Kwana biyu ya dawo yana tsalle a matakala.

"Goggo! Malamina ya saurara sau uku. Ya ce a muryarki ana jin azabar talakawa ta shekaru aru-aru. Ya ce wannan na ƙarshen shi za a sa a zauren."

"Ka yi wa Babanka maganar?"

Ya dafe goshi. "Wallahi na sha'afa. Bayan soutenance, Goggo, ni da kaina."

Bayan soutenance. Maganar ta zama waƙar gidan. Famfo ya lalace, bayan soutenance. Hannun Goggo, bayan soutenance. Shi famfon ma an gyara shi kafin nan, don baƙi za su yi alwala.

A garin nan in ɗa zai kare littafinsa, iyaye ke kai abinci a ci a makaranta, a dawo gida kuma a sake ci. Hajiya ta rantse ba za a ce gidan Alhaji Yusufa ya gaza ba. Masa, dambun nama, soyayyun kaji, zoɓo bokiti-bokiti, da yaji, shi ma na turmi, don na inji ba ya ƙamshi. Ana gobe za a yi, aka kira Hawwa mai ƙosai ta bakin layi ta taya suyar masa. Hawwa tsarar Goggo ce, tare suka yi tallar goro suna yara, bakinta kuwa ba shi da murfi.

Ta shigo ta tarar da Goggo tana dakan barkono, ta ɗaure taɓaryar a hannunta da ɗankwali don yatsun sun daina riƙewa. Hawwa ta tsaya ta shaƙi iska.

"Wane nama ne ya lalace a gidan nan?"

"Babu," in ji Goggo, ta mayar da hannun bayanta.

Hawwa ta cafko hannun ta warware tsumman. Ta yi salati da ƙarfi har tantabarun maƙwabta suka tashi. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, wani jan layi ya miƙe daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu.

"Hajiya! Hajiya Nuriyya! Sauko ki ga abin da kuke dafawa!"

Hajiya ta leƙo daga bene, lalle a hannu biyu, ta ɗaga su sama kada ya ɓaci.

"Hawwa, lafiya kike mana ihu a gida?"

"Hannun matar nan ya mutu a jikinta, kuna nan kuna ƙunshi!"

"Ai ita ta ƙi kula da shi. Na ce lemun tsami, ta je tana tsoma shi a ruwan kwata. Gobe dai a gama, jibi a kai ta. Yanzu in an tafi asibiti wa zai tsaya a kan tukwanen nan? Ke kin san hannun miyar Alhaji?"

"Hannun miyar Alhaji! To ga hannun nan, ki zo ki sansana!"

Goggo ta ja zanin Hawwa. "Rufa mini asiri. Ke za ki koma gidanki, ni nan zan kwana. Kwana ɗaya ne. Kada a ce ni na ɓata wa yaro ranarsa."

Hawwa ta yi ƙwafa, ta ƙwace taɓaryar ta ƙarasa dakan da kanta, kowace saukarwa da zagin da ta haɗiye.

Da safe gida ya cika da shuɗin anko. Har 'yar wankin maƙwabta an yanka mata, don a cika hoto. Goggo ba a yanka mata ba, wai ai ita mai tsaron gida ce, wani ya tsaya a kan abincin dawowa. Mahdi ya sauko cikin kwat, ya rusuna a ƙofar ɗakin girki.

"Goggo, a sa mini albarka."

Ta ɗaga hannun dama za ta dafa kansa, hannun ya ƙi tasowa. Ta sa masa da baki. Motoci suka tashi.

Wajen ƙarfe goma Hawwa ta kasa zama a kan kaskonta, ta leƙo. Ta tarar da miya tana ƙonewa, Goggo a kwance a ƙasa kusa da murhu, tana kiran sunan uwarta da ta rasu shekara hamsin. Hawwa ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tare bensikin, aka ɗora Goggo a tsakiya, ita ta zauna a baya ta rungume ta, suka ratsa taɓon New Bell.

A asibiti likita ya warware tsumman. Ya dubi hannun, ya dubi Hawwa.

"Yaushe abin ya fara?"

"Sati uku da 'yan kwanaki."

"A daji take zaune?"

"A gidan bene take."

Ya girgiza kai. Ya ce tana da ciwon suga ba ta sani ba, shi ya sa abin ya yi gudu. Ya ce da an kawo ta satin farko, wankewa ne da ƙwayoyi. Yanzu babban yatsan ya tafi, sai an cire shi tun daga tushe, in an ƙara kwana ɗaya kuma hannun ne gaba ɗaya, ko ita kanta. A lokacin da ake tura ta ɗakin fiɗa, a can makaranta muryarta ce ke fita daga lasifika.

Ta farka ta ga hannunta a naɗe da farin bandeji, ya yi wani siriri ta gefe ɗaya. Wata ma'aikaciya tana gyara mata ƙarin ruwa ta yi mata sannu da turancin garin, ta ce, "Ashia, mami." Goggo ta daɗe tana kallon wurin. Abin da ya fara zuwa ranta carbi ne. Da me za ta ja?

Alhaji da Hajiya suka zo washegari da kwanon ragowar kajin biki. Alhaji ya zauna a bakin gado yana juya hula a hannu.

"Yaya, ƙaddara ta riga fata. Amma ke ma da laifinki. Abu ya kai haka ba za ki faɗa ba?"

Hawwa ta buɗe baki, Goggo ta girgiza mata kai.

"Wallahi kuwa," in ji Hajiya. "Goggo akwai zurfin ciki. Ga shi jiya mun dawo da baƙi miya ta ƙone, gida a buɗe, kunya kamar in nutse. Amma ba komai, lafiyarki ta fi."

Goggo ta juya fuska bango. Suka ce barci take ji, suka tafi.

Mahdi sai a kwana na uku ya zo, da jaka a kafaɗa. Ya tsuguna, idonsa ya kawo ruwa da ya ga bandejin, ya yi ta sannu. Ya ɗan jima, sai bakin ya buɗe, don abin yana cinsa.

"Goggo, da kin ga zauren! Da aka sa waƙarki, wata malama har da share hawaye. Mention très bien suka ba ni, babu wanda ya kai ni. Sun ce littafin ya cancanci a buga shi."

"Madalla. Allah Ya sa albarka."

"Sai dai abu ɗaya suka ce ya rage." Ya zuge jaka ya ciro takarda da ɗan akwatin tawada. "Dole wanda aka ɗauki muryarsa ya sa hannu cewa ya yarda. In bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Gobe ne ranar ƙarshe."

Hawwa, da ke zaune tana fifita ta da murfin kwali, ta tsaya da fifitar.

Goggo ta ce, "Karanta mini abin da ka rubuta a kaina a littafin."

"Da Faransanci ne, Goggo."

"Ai ka iya fassara. Ka fassara mini waƙata ma."

Ya ciro littafin, mai kauri, da baƙin bango da rubutun zinariya. Ya buɗe can baya, ya yi gyaran murya.

"An ce, mai ba da bayani ta uku. Tsohuwa, 'yar kimanin sittin da biyar, ba ta yi makaranta ba, mai aikin gida. Waƙar gargajiya ce, ba a san wanda ya yi ta ba."

"Mai aikin gidan wa?"

Mahdi ya sunkuyar da kai kan littafin.

"Ba ka rubuta yayar ubanka ba ce?"

"Goggo, a ilimi ba a so mai bincike ya nuna dangantaka. Sai a ce ya yi son kai."

"To. Wane yatsa ake dangwalawa?"

"Babban yatsa na da..." Sai a lokacin ya sake duban bandejin, duba na gaske.

Goggo ta ɗaga hannun da taimakon na hagun, ta ajiye shi a kan takardar, a daidai inda aka bar fili.

"Ga shi nan. Nemo shi. In ba ka same shi a nan ba, ka duba cikin turminku."

Ya yi ƙasa da murya.

"Goggo, ki yi haƙuri. Na hagun ma suna karɓa."

Ta janye hannun hagun ta sa a ƙarƙashin mayafi.

"Kai ɗan boko ne, amma a hannuna ka tashi. Sau nawa na buge maka hannu kana yaro don ka miƙo mini abu da hagu? Mu ba ma bayarwa da hagu, Mahdi. Duk abin da na ba gidanku da dama na ba ku. Na goya da ita, na daka da ita, na kwalfe kwatarku da ita. Kun cinye ta. Ta hagun tawa ce."

"Goggo, shekara biyu ina wannan aikin."

"Ni shekara bakwai."

Ya tsaya, ya ƙara tsayawa, ya ga ba za ta sake magana ba. Ya tattara takardarsa ya fita.

Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, daga gadon ana hango bencin da ke baranda. Goggo tana kallo ya zauna a kai. Ya dafe kai na ɗan lokaci. Sannan ya waiga dama, ya waiga hagu, ya buɗe akwatin tawada, ya dangwala nasa babban yatsan, lafiyayye, mai gyararren farce, wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba, ya danna a ƙarƙashin sunanta. Ya hura takardar ta bushe. Ya goge yatsan da hankici.

Hawwa ta miƙe, zani na kwancewa. "La'ilaha illallahu! Bari in tara masa jama'a!"

"Zauna, Hawwa."

"Ba ki ga abin da ya yi ba?"

"Na gani. Bar shi. Dā ma aikina ne da sunansa a kai. Yau ga sunana da yatsansa."

Da aka sallame ta ba ta koma gidan bene ba. Ɗakin Hawwa ta tafi, ɗaki ɗaya, shi ma yana yoyo, amma in ya yi yoyo su biyu yake jiƙawa. Tana zama a bakin kasko tana miƙa wa masu sayen ƙosai ƙunshinsu da yatsu huɗu na dama, a hankali, wani lokaci ya suɓuce a sake ƙunsawa. Alhaji ya aiko sau biyu ta dawo, wai mutane suna magana. Bai ce ya yi kewarta ba, mutane ne suke magana. Hajiya kuwa tana gaya wa mata a gidan suna cewa sun riƙe ta shekara bakwai kamar uwa, ta saka musu da tonon asiri. An koma kai gero inji, Alhaji yana ƙorafin fura ta canza.

Littafin yana nan a falon sama, cikin kabad mai gilashi, kusa da kofunan da ba a shan ruwa da su. Baƙo in ya zo sai a ciro a nuna masa. Shafi ɗari da wani abu, duk a kan yadda masu bene ba sa jin kukan na ƙasa. An ce babu kuskure ko ɗaya a ciki. Yaron ya ji kukan sarai, har sau uku ya sa aka maimaita masa don ya fita tas. Tsakanin kujerar da ya kafa wayarsa da hannun da ke ruɓewa, taku biyu ne.

Mahdi yanzu ana gayyatarsa taro ya yi bayani a kan talakawa. In ya bi ta bakin layi a mota yakan rage gudu ya ɗaga wa Goggo hannu. Ita ma takan ɗaga masa nata, na daman, ta buɗe shi sosai yadda zai gani.